Ganyen Wake In Ya Sake Launi

  Iyayenmu mata, maganar yau ta shafe ku ƙwarai, gama yawancin waken da a ke shukawa a bayan ɗaki da gayauna, hannunku ne ya ke shuka shi.

Wake ba baƙo ba ne a gare mu. A nan Afirka aka fara nomansa tun zamanin da. Har yanzu kuwa babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan noman wake a duniya, Nijar ce ta ke biye da ita. Da shi mu ke yin ƙosai da alala da ɗanwake. Harawarsa kuma ita ta ke riƙe mana awaki da tumaki da rani. Saboda haka in waken gida ya lalace, hasara biyu ke nan, ta tukunya da ta turke.

Abin da za mu duba yau shi ne launin ganye. Mutum ya shuka wakensa, ya fito kore shar, ya yi murna. Bayan 'yan makonni sai ya ga ganye ya soma yin rawaya, ko ja-ja, ko dabbare-dabbare. Me ya faru? Masu magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, ganye shi ne fuskar shuka. Amma rawaya ba iri ɗaya ba ce. Yunwa ta kan kawo ta, yawan ruwa ya kan kawo ta, ƙwari da cuta su kan kawo ta, tsufa ma ya kan kawo ta. Abin da ya warkar da wannan kuwa ya kan ƙara wa wancan ciwo.

Mu kanmu mun yi kuskuren nan, ba labari aka ba mu ba. Wata damina mun shuka wake kunya goma a bayan gidan da mu ke zaune. Da ya yi mako biyar sai muka ga kunya uku na gefen danga sun yi rawaya, sun tsaya cik. Ba mu yi wata-wata ba, muka tafi kasuwa. Wani mai sayar da taki ya ce yunwa ce, ya auna mana yuriya, muka zo muka barbaɗa wa kunyoyin nan duka. Masu lafiyar suka yi ta yaɗo, ganye fal kamar dawa ta yi kyau, amma 'ya'ya ƙalilan. Marasa lafiyar kuwa ko gezau. Ran nan wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo, ta sa 'yar fartanya ta tono gindi ɗaya, ta nuna mana abin da ke manne da saiwarsa, ta ce, "Malam, ai wuta-wuta ce. Da ka tona kafin ka je kasuwa." Kuɗin taki ya tafi, wake ya tafi, ga tsohuwa ta fi mu gaskiya.

Tun daga ran nan muka ɗauki hanya guda. Kafin mu sayi kome, ko mu zuba kome, sai mun yi wa shuka tambaya huɗu. Su ne za mu bi da ku ɗaya-ɗaya. Amma bari mu fara sanin abin da ya sa ganye ya ke kore tun asali.

ABIN DA YA SA GANYE YA KE KORE

A cikin kowane ganye akwai wani sinadari kore, masana suna kiransa kulorofil. Da shi ganye ya ke kama hasken rana, ya haɗa ruwa da iska, ya yi wa shuka abinci. Watau ganye shi ne madafin shuka. Shuka ba ta iya yin koren nan sai ta sami waɗansu abubuwa daga ƙasa, musamman naitirojin, da maganiziyam, da ƙarfe. Ƙarƙashin koren kuwa da akwai launin rawaya a ɓoye kullum. In kore ya ragu sai rawayar ta bayyana. Ashe ke nan rawaya ba wani abu ba ne ya shigo ganye daga waje. Kore ne ya gudu. Aikinmu shi ne mu gano abin da ya kore shi.

TAMBAYA TA FARI: WANE GANYE NE, TSOHO KO SABO?

Ku tsuguna ku duba. Ganyen ƙasa ne ya fara sakewa, ko tohon sama? Wannan ita ce babbar tambaya, ga dalili. In abinci ya yi ƙaranci a gida, uwa ta kan rage nata ta ba yaro. Haka shuka ta ke yi. Akwai abincin da ta ke iya kwashewa daga tsohon ganye ta kai wa sabo. In irin wannan ne ya gaza, tsohon ganye ne zai fara nunawa. Akwai kuma wanda in ya shiga ganye ya zauna ke nan, ba ya ɗaukuwa. In irin wannan ne ya gaza, sabon toho ne zai sha wuya.

Mu fara da tsohon ganye.

In ganyen ƙasa ya koɗe gaba ɗaya, jijiya da tsoka duk sun yi rawaya bai ɗaya, shuka kuma ta yi siriri, wannan alamar ƙarancin naitirojin ce. Amma a yi hattara. Wake ba kamar masara ba ne, shi ke samo nasa naitirojin, za mu ga yadda ya ke yi in mun zo kan saiwa. Ƙaramin wake ya kan ɗan koɗe a mako na biyu ko na uku, kafin saiwarsa ta kama aiki, sa'an nan ya farfaɗo don kansa. Wannan ba ya bukatar kome sai haƙuri.

In shuka ta tsumbure, ganyenta ƙanana, korensu ya yi duhu, kara da bayan tsohon ganye kuma sun yi shunayya-shunayya, to, fosfaras ne ya gaza. Wannan ita ce yunwar da ta fi damun wake a ƙasarmu, domin yawancin jigawarmu ba ta da shi da yawa. Maganinta takin supa da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Sai dai supa ba ya tafiya cikin ƙasa, inda aka ajiye shi nan ya ke zama. Saboda haka ran shuka a ke sa shi. A ɗebi abin da yatsu uku za su ɗauka, a binne a gefen rami, kada ya taɓa iri. Wanda ya bari sai wake ya yi wata biyu kana ya watsa supa a bisa ƙasa, ya makara, sai dai amfanin baɗi.

Kada kuwa a ruɗe. Waɗansu irin wake haka aka halicce su da ja-ja a gaɓa da gindin ganye. In shuka tana girma sosai, jan gaɓa ba ciwo ba ne.

In bakin tsohon ganye ne ya yi rawaya, daga baya ya bushe kamar an babbake shi, tsakiya kuwa tana nan kore, fotash ne ya yi ƙaranci. Tokar murhu tana da fotash. A barbaɗa kaɗan a gauraya da ƙasa.

In kuwa jijiyoyin tsohon ganye suna nan kore, tsakaninsu ne ya yi rawaya, maganiziyam ne ya gaza. An fi ganin wannan a ƙasa mai rairayi wadda ruwa ya wanke. Takin turke da ya ruɓa shi ne gyaranta.

Yanzu sabon toho.

In ganyen sama ya fito rawaya, ko fari-fari, amma jijiyoyinsa kore kamar an zana su, ganyen ƙasa kuwa lafiya lau, ƙarfe ne shuka ta kasa samu. Sau da yawa ƙarfen yana nan cikin ƙasa, ƙasar ce ta riƙe shi. Hakan ya kan faru inda aka daɗe ana jibge toka, ko inda ruwan wanki mai sabulu da kanwa ya ke kwarara, ko gindin bango inda aka zubar da siminti ko farar ƙasa. Ku lura da kyau, iyayenmu mata. Tokar da ta yi magani a can baya, ita ce ta kawo ciwo a nan, don ta yi yawa. In kun ga haka, ku daina zuba toka a wurin, ku karkatar da rariya, ku ƙara ruɓaɓɓen taki.

In sabon ganye ya koɗe duka har da jijiya, mai yiwuwa farar wuta ce ta gaza, wadda a ke kira salfa. Takin supa yana ɗauke da ita, yuriya kuwa babu. Wannan wani dalili ne da ya sa supa ya fi dacewa da wake.

TAMBAYA TA BIYU: YAYA ZANEN YA KE?

Yunwa tana da tsari. Ta kan kama gefen ganye na dama da na hagu daidai, ta kan kuma kama shuke-shuke da yawa a wuri ɗaya. Cuta ba ta da wannan tsari. Za ka ga wannan gindi ya kamu, na kusa da shi lafiya.

In ganye ya yi dabbare-dabbare, nan kore mai duhu, nan kore mai haske, nan rawaya, ga shi ya yamutse ya yi ƙulu-ƙulu, wannan cuta ce mai shiga jikin shuka duka, irin wadda a ke kira bairos.  Ta kan zo cikin iri, darɓa kuma ta kan ɗauke ta da baki daga wannan shuka zuwa waccan. Dattawa ba su manta da shekarar 1975 ba, sa'ad da kuturtar gyaɗa ta cinye gonakin gyaɗa a Arewa. To, darɓar da ta yaɗa waccan annoba, ita ce dai wannan baƙar darɓar da ta ke hawa wake. Cutar dabam ce, amma mai dakon ɗaya ne.

Babu taki ko feshin da ya ke warkar da shukar da ta kamu. In kaɗan ne, kuma da wuri aka gani, a tumɓuke a binne nesa. Abu mafi girma shi ne kada a ajiye iri daga gindin da ya yi haka, kome kyaun kwansonsa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Tun wake yana ɗanye ku zaga, ku ɗaura ɗan tsumma a jikin masu lafiya, daga nan za ku ɗebi irin baɗi.

In ɗigo-ɗigo ne, sai a duba irinsu. Akwai masu launin ƙasa ko ja-ja, faffaɗa, a jikin tsohon ganye, su kan zo bayan wake ya yi fure, in ka juya bayan ganyen ka ga duhu-duhu kamar hayaƙi. Wannan funfuna ce. Akwai ƙanana kamar kan allura, masu tudu, in ka shafa sai jan gari ya kama yatsanka. Wannan ita ce tsatsa. Akwai kuma wanda ya kan fara kamar ɗigon mai ko jiƙon ruwa, ya faɗaɗa, tsakiyarsa ta bushe, rawaya ta kewaye shi. Wannan ƙwayar cuta ce mai bin iri da fantsamar ruwan sama.

Dukansu suna son laima da cunkoso. Saboda haka kada a cika shuka ƙut da ƙut. Kada a shiga cikin wake da noma ko tsinka sa'ad da ganye ya ke jiƙe da raɓa, domin hannu da riga su kan kwashi cuta su raba. Mai ban ruwa ya zuba a gindi, ba a bisa ganye ba. Ganyen da ya kamu ƙwarai a tsinke a ƙone. Wurin da aka yi wake bana, baɗi a sa gero ko dawa ko masara.

TAMBAYA TA UKU: ME KE BAYAN GANYEN?

Yawancin mutane saman ganye su ke kallo, ɓarawon kuwa yana ƙarƙashi. Ku juya ganye.

In kun ga baƙaƙen ƙwari ƙanana sun yi cincirindo a bayan ganye da kan toho, darɓa ke nan. Tana tsotse ruwan shuka, ganye ya nannaɗe ya koɗe. Tana kuma zubar da wani ruwa mai danƙo da zaƙi, baƙar funfuna ta hau kansa, ganye ya yi baƙi kamar gindin tukunya. In kun ga kiyashi suna hawa suna sauka a jikin wake, zaƙin nan su ke bi, ku nemi darɓa. Ta fi yawa in ruwa ya ɗauke kwana da kwanaki. Ruwan sama mai ƙarfi ya kan wanke ta.

A 'yar gonar gida ba sai an sayi magani mai tsada ba. A murtsuke da hannu tun tana kaɗan. In ta yi yawa, a daka 'ya'yan darbejiya, watau dogon yaro, kamar rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a yayyafa da yamma, a tabbata ya sami bayan ganye. Bayan mako ɗaya a sake.

In saman ganye ya yi tsaki-tsakin fari kamar an watsa masa gari, daga baya ya koma ruwan tagulla, a bayansa kuma ga 'yar yana kamar saƙar gizo, waɗansu jajayen ƙwari ne ƙanana ƙwarai, da ƙyar ido ya ke ganinsu. Zafi da fari su ke so. Wanke bayan ganye da ruwa yana rage su.

In kuwa fari ne ya lulluɓe ganye kamar an barbaɗa garin rogo, ana shafawa yana fita, farar funfuna ce. Ta fi kama waken da ya yi latti har sanyi ya same shi, da wanda ke cikin inuwa.

Wanda ya ga lalle sai ya yi feshin maganin kanti, ya tambayi malamin gona tukuna, ya bi abin da aka rubuta a jikin kwalba. Ya kiyaye kwanakin da aka ce a jira kafin mutum ko dabba su ci. Waken bayan ɗaki ne, yara da awaki suna kusa.

TAMBAYA TA HUƊU: ME KE CIKIN ƘASA?

Wannan ita ce tambayar da muka tsallake har muka yi hasara. Ku zaɓi gindi ɗaya mara lafiya, ku tono shi da ƙasarsa, kada ku fizge. Ku wanke saiwar a ƙwarya a hankali. Gara a rasa gindi ɗaya da a rasa gona.

Da fari ku duba ƙasar da kuka tono. In ta yi caɓi, tana wari, saiwa kuma ta yi baƙi ta yi laushi, ruwa ne ya yi yawa. Saiwa tana numfashi kamar mu. In ruwa ya kwanta mata kwana biyu ko uku sai ta shaƙe, ta kasa jan abinci, ganyen ƙasa ya yi rawaya, shuka ta yi yaushi alhali tana tsaye cikin ruwa. Mai ganin yaushi ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta ke nan. Wake ya fi jure ƙishirwa bisa ga kwanciyar ruwa. A yi masa kunya mai tudu, a buɗe wa ruwa hanya, kada a shuka shi inda indararo ya ke zuba. Mai shuka a tsohon bokiti ko buhu ya huda gindinsa.

Na biyu, ku nemi waɗansu 'yan gudaji a jikin saiwa, kamar ƙwayar gero ko ta dawa. Waɗannan ba ciwo ba ne, su ne arzikin wake. A cikinsu akwai waɗansu halittu ƙanana da ido ba ya gani. Iskar da mu ke shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma shuka ba ta iya cinta haka nan. Halittun nan su ke kama ta su mai da ita abincin shuka, ita kuma ta ba su masauki da abinci. Waɗansu masana biyu a Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su ne suka tabbatar da wannan a 1886. A 1888 kuma wani masani a Holan, Beijerinck, ya ware halittun ya rene su dabam. Amma tun kafin haka kakanninmu sun san gero ya kan yi kyau a inda aka cire wake.

Ku fasa gudaji ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne kamar nama, yana aiki, wakenku ba ya bukatar yuriya. In fari ne, bai kama aiki ba tukuna, ko ba shi da amfani. In kore ne ko ruwan ƙasa, ya gama zamaninsa. Yawan yuriya ya kan sa wake ya ƙi yin gudajin nan, ya yi ta ganye ba 'ya'ya, ga darɓa tana son irin wannan ganye mai taushi. Abin da ya sami kunyoyinmu bakwai ke nan.

Na uku, ku bambanta gudaji da kumburi. Gudaji yana gefen saiwa, in ka tura da yatsa sai ya ɓalle. Kumburi kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓallewa. Wata 'yar tsutsa ce ta cikin ƙasa ta ke kawo shi. Ita ce kuma ta ke kama tumatir da kuɓewa, saboda haka kada wake ya bi bayansu a wurin da ta kama. A sa hatsi a wurin, a ƙara taki.

Na huɗu, wuta-wuta, wadda waɗansu ke kira ƙuduji. In kun ga wani ɗan dunƙule manne da saiwa, da fararen tsiro masu kauri suna nufo sama, ita ce. Ta daɗe tana shan wake a ɓoye kafin ta fito, shi ya sa ganye ya kan yi rawaya tsakanin jijiyoyi, shuka ta tsumbure, alhali ba a ga kome a bisa ƙasa ba. Ta wake dabam ta ke da ta dawa. Ta dawa da gero doguwa ce mai jan fure. Ta wake gajera ce, mai rassa da yawa, ganyenta kamar ɓawo, furenta ƙanana masu shunayya-shunayya. Ta wake ba ta kama hatsi, ta hatsi ba ta kama wake. Akwai kuma wata 'yar'uwarta mai rawayan fure, ita ma saiwar wake ta ke sha.

Irin wuta-wuta kamar ƙura ya ke. Gindi ɗaya ya kan zubar da dubbai, su kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran saiwar wake ta zo kusa. Don haka a tumɓuke ta kafin ta yi fure, a ƙone, kada a jefa a juji ko a ba dabbobi. A yawaita takin gida. A huta da wake a wurin, a yi hatsi. Sa'an nan a nemi irin da ba ta iya kamawa. Cibiyar binciken noman ƙasashe masu zafi, IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, tare da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, sun fitar da irin waɗannan. Ɗaya daga cikinsu shi ne SAMPEA 10, wanda aka ba manoma a 2008. Malamin gona zai gaya muku wanda ya dace da ƙasarku da inda za ku same shi.

ABIN DA HANNUNMU YA JAWO

Wani lokaci ba yunwa ba ce, ba cuta ba ce, mu ne. In jiya wake lafiya lau, yau an wayi gari ya ƙone ko ya yi fari-fari, ku tambayi kanku abin da aka yi jiya. Ko an yi feshin maganin ciyawa kusa, iska ta kwaso? Ko an ari famfon feshi ba a wanke ba? Ko an zuba ɗanyen kashin kaji, ko takin zamani ya taɓa ganye da kara? Maganin ciyawar da a ke sa wa masara ma ya kan saura cikin ƙasa ya cuci waken da aka shuka a bayansa ba da jimawa ba. Yunwa da cuta a hankali su ke zuwa. Abin da ya zo dare ɗaya, yawanci daga hannu ya ke.

RAWAYAR DA BA CIWO BA CE

Ganye biyun fari da wake ya ke fitowa da su, su kan yi rawaya su faɗi in shuka ta yi ƙarfi. Ganyen can ƙasa da inuwa ta rufe shi ma haka. Da tsakar rana wake ya kan juya gefen ganyensa ga rana don ya rage zafi, da yamma ya buɗe. Duk wannan lafiya ce.

In kwanso ya cika, shuka ta kan kwashe abincin da ke cikin ganye ta zuba cikin 'ya'ya, ganye ya yi rawaya ya zube. Wannan rawayar albishir ce. Iri mai saurin nuna ya kan kai nan cikin kwana 60 zuwa 70. Irin gargajiya mai yaɗo, kamar kanannado, sai ƙarshen damina ya ke yin fure, ya nuna da kaka. Kowa ya san irin da ya shuka, ya kuma riƙe ranar shuka, don ya san ko rawayar ta zo a kan kari ko ta yi sammako. Mai son harawa kada ya jira ganye ya zube. Da an tsinke wake a yanke, a naɗe tun da sauran kore, gama amfanin harawa a ganye ya ke, ba a kara ba.

Masu lambu da su ke shuka waken Turawa, wanda a ke kira fis, a ƙasar Jos ko lokacin sanyi, tambayoyin nan huɗu sun ishe su. Abu ɗaya za su ƙara. Shi fis ba ya son zafi. Da zafin bazara ya shigo sai ya soma rawaya daga ƙasa zuwa sama, babu takin da zai tsai da shi.

To, jama'a, ga abin da mu ke roƙonku. Gobe da safe, in raɓa ta sha iska, kowa ya zaga wakensa. Ya duba ko tsohon ganye ne ko sabo. Ya duba zanen. Ya juya bayan ganye. In bai gane ba, ya tono gindi ɗaya. In har yanzu bai gane ba, ya naɗe shukar duka da saiwarta cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya kai wa malamin gona, kada ya kai ganye ɗaya tak. Sai bayan wannan a ke kwance bakin zane a fid da kuɗi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda ya sami ganyen da ya ɗaure masa kai, ya zo da shi zama mai zuwa mu duba tare.  Allah ya ba mu damina mai albarka. 

TAMBAYOYI

1. Don me tsohon ganye ya ke fara rawaya in naitirojin ya gaza?
2. Yaushe a ke sa wa wake takin supa, a ina kuma a ke sa shi?
3. Ina bambancin gudajin saiwa da kumburi?
4. Don me ba a ajiye iri daga waken da ya yi dabbare-dabbare?
5. Faɗi rawaya iri biyu waɗanda ba ciwo ba ne.